Ranar da Na Hana Maigidana Hawa Jirgin Makka

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Mamobi, maigidana yana aikin nutso a tashar jiragen ruwa ta Tema. Yakan goya tukunyar iska, ya shiga ƙarƙashin jirgi ya kankare shi, ko ya kwance ragar da ta naɗe farfela. Ni da ko bakin teku ba na son zuwa, sai da na haddace dokokin aikin saboda yawan nanata mini su da yake yi. Iskar tana taruwa a jini, iya zurfi da daɗewarka iya yawanta, shi ya sa ake auna musu lokaci. Wanda kuma ya daɗe a ƙasa ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana ya wuni, in ba haka ba jinin ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza. Ko ƙafafu su shanye, ko a rasa mutum.

Wata shekara, zai raka mahaifiyarsa, Mma, aikin hajji. Gwiwoyin Mma sun gaji, shi ne zai tura ta a keke wajen ɗawafi. An ce tashinsu sai mako mai zuwa, sai ya karɓi aiki na ƙarshe. Wata raga ta yi masa gardama, ya daɗe har ya gota lokacinsa. Shigowarsa gida ke nan bayan azahar, wakilinsu na hajji ya bugo waya: an matso da tafiya, yau ce da yamma, kuma jirgin ƙarshe ne.

Nan da nan tsakar gida ta cika da 'yan rakiya, har an tsayar da trotro, motar haya, a bakin lungu. Na bi maigidana ɗaki, na tarar yana murza kafaɗa. Ya ce gajiya ce kawai, in ja bakina, Allah zai tsare.

Ni da jan baki dama ba mu taɓa shiri ba. Na fita na durƙusa gaban Mma, na kwashe komai na faɗa mata a gaban jama'a. Wata maƙwabciya ta yi dariya, wai mai shiga cikin teku ne zai ji tsoron jirgi. Mma ba ta kula ta ba, ta sa aka kira shi.

"Abin da matarka ya faɗi, gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"To zauna. Ba zan je Makka in binne ɗa ba."

Da wani maƙwabcinmu ta tafi, shi ya tura ta. Abin haushin, washegari kafaɗar ta saki. Daga Mamobi har unguwar Nima aka ɗauka cewa na ƙirƙiri ciwo don kada miji ya bar ni. Na yi bayanin kumfar jini har bakina ya gaji, na bari.

Mma ta rasu kafin su sake samun dama. Shi sai daga baya ya je, shi kaɗai. Bai taɓa zargina ba, bai kuma taɓa cewa na kyauta ba. Da ya dawo, yana cin tuwo ya ce ya ga wani yana tura tsohuwarsa wajen ɗawafi, sai da ya koma gefe ya zauna. Na ƙara masa miya.

Har yau ban san abin da zai faru ba da ya hau jirgin nan, kuma wallahi na gaji da tambayar kaina. Da za a maimaita ranar, durƙusawar zan sake yi. Godiya ce kawai na daina jira.