Tokar da Ke Tsakiyar Faifan Stasia

A layinmu na Toledo, can bayan masana'antar gilashi, da burodi aka san Stasia Pilarski, ba da waƙa ba. Ta daɗe a bayan kantar gidan burodin da ke kan kwana, tana naɗe wa mutane burodi a takarda, ba a taɓa jin ko amon waƙa a bakinta ba. Tsofaffin layin ne kaɗai suka san ta taɓa tsayawa a gaban taron makaɗa, su kuma ba su cika tayar da zancen ba.

Wanta Casimir ne ya ja ta cikin sana'ar. Mai busa ƙaho ne a ƙungiyar Orrin Tackett, irin manyan ƙungiyoyin nan da ke yawo a bas daga wannan zauren rawa zuwa wancan kafin babban yaƙin duniya. Da mawaƙiyarsu ta yi aure ta ajiye aiki, sai ya ce ai yana da ƙanwa a gida da ke hana su sakat da waƙa in tana wanke-wanke. Mahaifiyarsu ta yarda, da sharaɗin kada ya bar ta ta zauna kusa da mai ganga.

A cikin bas ɗin ta haɗa waƙarta, wadda ta sa wa suna "Ka Bar Ƙofa a Buɗe". A tsakiyarta ta bar wa Casimir fili ya busa abin da ya ga dama. Ba a rubuce yake ba, kuma kowane gari da irin wanda yake busa musu.

Wata safiya a Chicago wani ƙaramin kamfani ya ɗauki waƙar. A lokacin kan faifan kaki ake yanka sauti kai tsaye, in mutum ɗaya ya yi tuntuɓe sai a sake daga farko. Makirfo ɗaya ne a ɗakin, don haka mai busa shi kaɗai sai ya tashi ya tako gabansa, kuma dole ya cire takalmi kada a ji takunsa. Casimir ya cire nasa, sai ga safarsa a huje.

"Yaya, babban yatsanka ya leƙo yana gaida jama'a," in ji Stasia.

"Ƙyale shi, shi ma ɗauka ya zo. Ke dai kada ki yi mana kukan kyanwar da aka taka wa wutsiya."

"Da wannan ƙahon naka mai mura wa zai ji ni?"

"'Ya'yan Pilarski," in ji Tackett daga bakin fiyano, "in kun gama gaisawa, kakin nan hucewa yake yi."

Jar fitila ta kama. Ta rera baitinta ta matsa gefe, wanta ya tako ya tsaya inda take. Kafin ya busa ya ja numfashi, makirfon ya kama shi. Mai ɗaukar sautin ya so a sake saboda numfashin, Tackett ya ce a bar shi haka.

Da faifan ya fito, sunan Tackett ne a jiki da manyan baƙaƙe. Nata babu, na Casimir babu. Ya ɗan shiga gidaje, ba laifi.

Sai yaƙi ya zo. Aka kira Casimir soja, ya tafi ya bar matarsa da ciki, bai dawo ba. A waɗannan shekarun abin yin faifai ya yi wuya, mai son sabon faifai sai ya kai tsoho kanti a niƙa. Faifan ƙaramar ƙungiya irin ta Tackett shi ake fara miƙawa. Kamfanin ma ya ba da uwar faifan ta ƙarfe, wadda ake buga sauran da ita, aka narkar, daga baya shi kansa ya rufe. Stasia ta bi kantunan tsofaffin kaya tana tambaya har ta gaji. Guda ɗaya ya rage, nata, kuma babu wani wuri a duniya da aka ajiye busar Casimir sai a cikinsa.

Allurar garmaho ƙarfe ce, kowane juyi sai ta ɗan ci faifai. Stasia ta san da haka, duk mai garmaho ya sani. Amma ran Lahadi in ta dawo daga coci takan rufe ƙofar falo. Ba daga bakin faifan take ɗora allurar ba, don ba muryarta take nema ba. Hannunta ya san wurin, daidai inda ake jan numfashin nan. In busar ta ƙare sai ta ɗaga ta mayar.

Wata Lahadi rana ta faɗo ta taga kan faifan, ta ga ko'ina baƙi ne wuluk yana ƙyalli, sai wani zobe a tsakiya da ya koma launin toka. Ta daɗe tana kallonsa. Ta naɗe faifan a rigar matashin kai ta ɗora saman kabad, ba ta ƙara saukowa da shi ba.

Shekaru suka shuɗe kafin Regina ta zo. 'Yar Casimir ce, wadda aka haifa bayan tafiyarsa, ta tashi a Dayton wurin mahaifiyarta da ta sake aure. Ta zo da rikoda mai tef wadda ta aro a wurin aikinta, tana jan ta kamar akwatin ƙaura.

"Gwaggo, in wannan abin ya karya min baya ke za ki yi jinyata."

"Wa ya aike ki? Zauna ki ci kabeji tukuna, kin bushe kamar sandar shara."

"Mama ta ce kina da faifan Baba. Sau ɗaya kawai za mu sa, tef ya kwashe, shi ke nan ba zai ƙara ɓata ba."

Stasia ta ci gaba da zuba abinci, har ya fi ƙarfin farantin.

"Ya tsufa," ta ce.

"Ni ko tarinsa ne ina so in ji, Gwaggo. Hoto kawai na sani."

Bayan sun ci Stasia ta hau kujera ta sauko da shi. Regina ce ta ɗora allurar, daga baki, yadda kowa ke yi. Makaɗan suka shigo, sai ga muryar wata yarinya tangaran, kamar jiya aka ɗauka.

"Kai, Gwaggo! Ke ce wannan? Ashe haka kike kika ɓoye a gidan burodi?"

Idon Stasia na kan allurar da ke matsawa ciki. Baitin ya ƙare, allurar ta hau tokar. Sai shuuu, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. A can ƙarƙashi akwai wani abu da ke tashi yana nutsewa, ba za ka rantse ƙaho ba ne. Daga nan muryar yarinyar ta dawo garau ta ƙarasa waƙarta.

Regina ta juyo. "To ina Baba?"

"Nan ne wurinsa."

Regina ta dubi faifan, ta dubi gwaggonta, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta jawo makirfon rikodar ta ajiye a kan tebur.

"Ai ke kin haddace shi. Yi min da baki."

Stasia ta ce ita ta daina waɗannan abubuwa. Regina ta bar tef na juyawa. Can sai tsohuwar ta gyara zama ta fara, a hankali. Farkon ya zo mata ba wahala. Ta bi shi har wani wuri a tsakiya, sai ta tsaya. Ta koma baya ta sake, ta haura da sautin sama. Ta girgiza kai, ta sake, ta gangara ƙasa.

"Wanne ne, Gwaggo?"

"Duk ya taɓa yi," ta ce. "Na ranar ɗaukar ne ban sani ba."

Regina ta koma Dayton da duka biyun a tef ɗinta, ta ce sun ishe ta. Stasia ta ƙara wasu shekaru a gidan nan. Masu wucewa ta gefen tagar kicin ɗinta da rana suka fara jin tana rera wani abu marar kalmomi. Takan kai wani wuri ta tsaya, sannan ta koma farko.