Kwano Ɗaya da 'Yar Fari

Mu Fulani ba mu cin abinci a gaban 'ya'yan fari. Haka na tashi na ga ana yi, haka na yi da tawa 'yar. Adda take ce mini, kamar wata yayarta, kuma har ta kai aji biyar na sakandare ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Sai in zuba mata nata, ƙanwarta ta kai mata ɗaki. Kwanon ya dawo tas, ni kuwa hankalina kwance.

A shekarar awakinmu na nan Tumfure suka yi wata irin ƙiba har maƙwabta na tambayata me nake ba su. Ni da shirmena na riƙa yabon dusa. Ashe ta taga tuwon yarinyar yake bi.

Na ga ramar, ba zan yi ƙarya ba. Na ga tana sa rigar sanyi ana tsakiyar zafi, na ga gashinta a jikin mataji. Amma uwa ba ta ƙure wa 'yar fari ido, sai na ce karatu ne. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, ni na ɗauke ta zuwa keke mai ƙafa uku. Rashin nauyinta ya fi faɗuwar tsorata ni.

Gwaje-gwaje ba su nuna taifod ko wata cutar ciki ba. Aka tura mu wurin wata likitar ƙwaƙwalwa, wadda ta daɗe da ita a ɗaki kafin ta kira ni. Ta ce sunan ciwon anoreksiya. Tsoron ƙiba ne ke kama mutum har ya ƙi abinci, yana ramewa yana ganin kansa ƙato, kuma yana iya tsayar da zuciya.

"Ba taurin kai ba ne, Hajiya, faɗa ba ya maganinsa. Wa ke zama da ita in tana ci?"

Na ce babu kowa.

"To daga yau ke ce. Sau uku a rana, har ta gama, sannan ku ƙara zama kaɗan."

Sati biyu muka yi a asibiti. Da muka koma gida na shimfiɗa tabarma, na ajiye tuwon masara a tsakaninmu. Kunya kamar ta kashe ni. Ita tana kuka, tana cewa cikinta zai fashe, ni ina cusa loma ba na jin ɗanɗanonta. Wata rana loma uku, wata rana ta ture kwanon ta ce na tsane ta. Surukata ta zo ta gan mu, ta riƙe baki. Na gaishe ta na ci gaba da ci.

Duk Laraba muna komawa wurin likita, a auna ta, su yi hirarsu. Sauƙin yana zuwa yana komawa, har yau ban saki jiki ba.

Wajen wata na biyar ne, muna cin shinkafa da wake, ta tsaya tana kallon kwanon. Na ce a raina yau kuma an koma.

"Adda," ta ce, "kin cinye wajen da yajin yake."

Na juya mata kwanon. Na ƙara mata yaji, ta ja gabanta ta ci gaba da ci.