Katangar da Baba Jimrau Ya Auna da Raƙumi

Kai mai karatu, ka taɓa ganin an auna katanga da raƙumi? In ba ka gani ba, wanda ya iya ya tafi. Ranar Talata, 12 ga Maris 1963, Allah Ya karɓi ran Baba Jimrau magini a nan Dakoro. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba, ni na karanta maka takardar gidaje shida na malaman lakwal, wato makarantar boko, zanen wani da bai taɓa shan ruwan garin nan ba: taga kamar ƙofa tana kallon hanya, katanga metir biyu, babu zaure. Ka gina na farko yadda aka rubuta. Habi, matar mushe, ɗaya daga cikin malaman, ta shiga, ta toshe tagogi da tabarmi. Ranar kasuwa kuwa a ɗaka take wuni cikin zafi.

Sai ka kira Intalla mai raƙuma, gaban mutanen biro, ofishin hukuma, ka ce ya hau ya bi gefen gidan.

"Me ka hango, Intalla?"

"Tukunyar Habi, Baba. Gishirin miyar kaɗai ban gani ba."

Mai zanen ya auna mai tafiya a ƙasa. Mu kuwa rabin baƙinmu a bisa suke zuwa! Ni na so a yaga takardar, kai ka hana. Ka ce ta yi gaskiya kan iska, raƙumi ne ba ta sani ba. Ka ƙara katanga, ka juya taga tana kallon tsakar gida ba ka rage mata faɗi ba, ka sa zaure mai ƙofofi a karkace, baƙo ya zauna ya sha ruwa idonsa bai wuce ba. Yau Habi na tsifar kai a fili, iska na ratsa ɗakinta. Har daga Birnin Lalle ake zuwa kallo, kuma ƙanenka Ɗangoggo ya riƙe awon.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari. Inna Lalla, ke da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙurin rashin maigida.

Saura gida biyar ba a gina ba, kuma na ji ana raɗa a biro wai tunda tsoho ya kau a koma ga takarda. Ɗangoggo ya kwaɓa ƙasa yana jira. Wanda ya ce a koma ga takarda ya fito ranar kasuwa, gaban matan da za su zauna ciki, ya gaya mana: da wane awo za a gina?