Hanya ta huɗu ta karya sammu

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan manta da yammacin da na yi wa abokina sammu da bakina ba, a gaban mutane, da sunan wasa.

Shekarar da muka rubuta jarrabawar bak ce, ta gama sakandare. Wani yayanmu da ke karatu a Yamai ya zo hutu Gure da wani wasa: mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi, in an zo wurin haɗari a jefa ƙwayar lido ta raba gardama. Da ya koma ni na gaje shi, don Allah ya hore mini baki da son mulki. Na sayi kaye, littafin rubutu, na cika shi da dokoki. Wadda na fi taƙama da ita ita ce dokar tsira daga sihiri. Hanyoyi uku na rubuta: ko jaruminka yana da laya, ko ya gudu kafin boka ya gama surkullensa, ko ka jefa ƙwaya ta ba ka biyar ko shida, alamar zuciyarka ta fi ƙarfin abin.

Mu biyar ne a fadarmu ta shan shayi. Huɗu mun ci jarrabawa, abokin nan nawa ya faɗi karo na biyu. A gidansu ana ta cewa hannu aka sa masa, har an fara yawo da shi wurin masu magani. Kawunsa na Gidigir yana matsa masa ya bar karatu ya zo noma, mu kuma muna lallaɓa shi ya sake gwadawa. Wasan nan kaɗai ke fito da shi daga ɗaki. Duk wannan na sani, shi ya sa har yau ba ni da uzuri.

Ran nan bayan la'asar na kai jarumansu kogon wani boka. Na abokina maharbi ne, ba shi da laya, don tun a hanya ya ba wani daga cikinmu tasa. Ya jefa ƙwaya, ta ba shi biyu. Ni kuwa daɗin labari ya ɗebe ni.

Na ce, "Shi ke nan, an gama da kai. Duk abin da ka sani ya goge. Ko sunanka aka rubuta maka a takarda ba za ka iya karantawa ba."

Aka fashe da dariya, tawa ta fi ta kowa. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To yanzu me zan yi?"

Na ce, "Ba abin da za ka yi. Doka ce."

Ya sa takalmansa ya tafi.

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe kayen, in rufe. In kai har ƙofar gidansu, in ji kunya ta kama ni, in wuce kamar kasuwa za ni. Abinci ma a tsaye nake ci. A rana ta huɗu na daure na yi sallama, na same shi yana cusa kaya a jaka.

Na ce, "Haba aboki, wasa ne fa."

Ya ce, "Na san wasa ne. Miƙo kayen nan." Ya bi dokar da yatsa. "Laya, gudu, ƙwaya. Duka mutum shi kaɗai. Ku kuna tsaye a kogon nan da takubba, ba wanda aka yarje wa ya kama hannuna?"

Na karɓi bik ɗinsa na rubutu, a nan durƙushe na rubuta hanya ta huɗu: in aboki ya kama hannunka ya kira sunanka, ka sake jefawa. Ya karanta, ya yi ɗan murmushi.

Ya ce, "Ta yi kyau. Sai dai motar Gidigir da safe take tashi."

Bai sake rubuta jarrabawar ba. Yau manomi ne mai rufin asiri, muna gaisawa in ya shigo kasuwa, bai taɓa tayar da maganar ba. Ba zan ce wasana kaɗai ya kore shi ba, amma ni na faɗa masa a fili abin da yake tsoro a ɓoye, kuma hakan yana ci mini rai. Dokar ta ceci jarumai da yawa bayansa, shi da ya kawo ta bai taɓa cin moriyarta ba. Abin da na koya shi ne, in wani ya faɗi a gabanka, ka kama hannunsa tun yana zaune kusa da kai, kada ka jira sai ya ɗaure jaka.