Jirgin Baba Angyu da Ya Ƙi Tashi

Har yau ban manta da ranar Talatar da Injiniya Bulus ya kira ni ofishinsa ya turo mini fayil ɗin Baba Angyu ba. Shekara uku ke nan da ba mu jiha, damina ta yi nisa, Binuwai ya cika ya batse. A lokacin ina mataki na shida, ni ne mai wayarin a garejin ma'aikatarmu da ke Jalingo, wato duk abin da ya shafi batir da kik da wayoyin motocin gwamnati a wuyana yake. Injiniya Bulus shi ne shugaban garejin. Mutum ne mai son aiki, sai dai ko kaɗan ba ya son a ce laifi daga garejinsa ya fito.

Ma'aikatar tana da jirgin ruwa guda ɗaya tak, na ƙarfe, mai injin gas a cikinsa, wanda muka gada lokacin rabon kayan tsohuwar jiha. Ana ɗaure shi a wata kwata can gaba da garin Mutum Biyu, da shi ake kai ma'aikatan lafiya da na gona ƙauyukan ƙetare idan ruwa ya yanke hanya. Baba Angyu ne direbansa. Dattijo ne, Jukun, ya fi shekara talatin yana tuƙa shi, saura wata bakwai ya yi ritaya.

Jirgin ya yi kwana goma sha ɗaya bai tashi ba. An aika sabon batir, shiru. An tura wani bakanike, ya dawo ya ce ko dai kik ya ƙone ko injin ya cije. Sai aka ba Baba takardar tuhuma. Ga waɗanda ba su san aikin gwamnati ba, takarda ce da ake ba ma'aikaci a ce ya kare kansa a rubuce. Idan amsarsa ba ta gamsar ba sai a miƙa shi ga kwamitin ladabtarwa, kwamitin kuwa yana iya korar mutum, wanda aka kora kuma duk shekarunsa sun tafi a banza, ba sallama ba fansho. Sakaci aka ce Baba ya yi har ya kashe dukiyar gwamnati. Kwamitin zai zauna ranar Litinin, rahoton mai wayarin kaɗai ake jira.

Injiniya ya ce, "Iliya, je ka duba ka rubuto mana abin da ya ƙone. Kada ka zauna, ana bukatar motar da za ta kai ka."

Na ce, "To, Oga." A raina kuwa na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba. Ina da wannan taurin kan tun ina koyon aiki, ya kuma sha jawo mini baƙin jini.

Ranar Laraba da sassafe muka kama hanya, muka isa kwata da hantsi. Na tarar da Baba zaune a kan jirgin cikin kakinsa, a wanke a goge, kamar wanda yanzu za a ce masa ya kwance igiya. Masu kwale-kwale suka gaya mini kullum haka yake zuwa, ya share jirgin, ya goge injin, ya zauna har la'asar.

Ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Kai ne aka aiko ka gama da ni?"

Na ce, "Haba Baba, injin na zo dubawa."

Ya ce da irin Hausarsa, "Injin nan bai mutu ba. Ni na san shi. Mata na ya ce in bar zuwa, mutane suna dariya. Na ce masa a'a, wani abu ne ya riƙe shi kawai."

Na tuɓe riga na shiga ramin injin. Ku da kuke koyo, ku lura da yadda ake bi. Farko na sa dogon ƙarfe na juya injin da hannu, ya juya lafiya lau, maganar cijewa ta faɗi ke nan. Na duba ruwan batir, na gwada ƙarfinsa, ba abin da ya same shi. Na ce wa Baba ya murɗa makulli. Sai aka ji ƙas, fitilar gaban direba ta dushe, kik ya yi nishi sau ɗaya ya tsaya. Kik shi ne ɗan injin lantarkin da ke juya babban injin har ya kama. Na kwance shi, na fito da shi kan benci, na haɗa shi da batir kai tsaye da wayoyin jona. Ya juya da ƙarfi har ya nemi ƙwacewa daga hannuna. Ashe kik ɗin da aka ce ya ƙone lafiyarsa ƙalau.

Na mayar da shi, na kankare kawunan batir har suka yi ƙyalli. Ƙas. Na buɗe makullin, na duba fiyus, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwajina, duk inda na taɓa sai ya kawo wuta. Ƙas dai. La'asar ta yi sanyi, direban motarmu ya fara duba agogo yana tsaki. Na ce masa ya koma Jalingo ya gaya wa Oga ban gama ba, zan biyo motar haya. Ya ce, "Kai da Oga ke nan." Na ce na ji. A Mutum Biyu na kwana.

Ranar Alhamis na sake komawa farko, na bi duk abin da na bi jiya. Ramin nan zafi ne da shi kamar murhu, ga warin gas, ga sauro da rana tsaka. Gwiwar hannuna ta daku da ƙarfe ta fashe. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta fara raya mini ko dai tsohon nan ya yi wata ɓarna yana rufewa. Amma duk sa'ad da na ɗago kai sai in gan shi tsugune a bakin ramin, sifanar da nake bukata tana hannunsa tun kafin in tambaya. Na ce wa kaina ko Lahadi za ta yi ina nan, ba zan koma da rahoton zato ba.

Da azahar aka kawo mana tuwo da miyar kifi daga gidansa. Muna ci ne na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun jiya kafin in taɓa sifana.

Na ce, "Baba, kafin ya ƙi tashi gaba ɗaya, me ka lura da shi?"

Ya ce, "Ya fara nauyi. Yau ya tashi, gobe sai na murɗa uku." Sai ya buɗe mini tafin hannunsa na dama, ga tabon ƙuna a miƙe kamar an ja layi. "Kuma igiyar totur yana zafi in na murɗa makulli. Shi ya ƙona ni. Na faɗa wa wancan bakanike, ya ce ina ruwan totur da tashi."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Wutar batir ba tafiya kawai take yi ba, dole ta dawo gida. Tana fita ta waya ɗaya zuwa kik, ta dawo ta jikin injin, ta bi wata kakkaurar waya da muke kira at, wadda aka ɗaure da noti a jikin injin. Idan wannan hanyar ta toshe, sai wutar ta nemi kowane siririn ƙarfe ta bi, ko da igiyar totur ce, wato wayar da direba ke ja ya ƙara wa inji gudu, shi ya sa take zafi. Ƙwan gwajina kuwa ƙarya ya yi ta yi mini kwana biyu, don shi 'yar wuta kaɗan ta ishe shi ya kama, kik kuwa sai an buɗe masa hanya sosai.

Ko hannu ban wanke ba na faɗa ramin. Na ɗauki wayar jona, na maƙala bakinta ɗaya a batir, ɗayan a jikin kik inda ƙarfe yake tsirara. Na ce, "Baba, murɗa!"

Injin ya yi tari biyu ya kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan jirgi, ƙarfen da nake tsaye a kai ya ɗauki rawa. Mata masu wanki a bakin ruwa suka rangaɗa guɗa, masu kwale-kwale suna buga filafili a jikin katako. Baba ya saki makulli ya zo bakin ramin. Ya ɗora tafinsa a kan murfin injin ya bar shi a nan, idonsa ya cika da ƙwalla. Ni ma daɗi ya kama ni har na manta da ciwon gwiwar hannu.

Daɗin bai daɗe ba. Da muka kashe injin na kwance notin wayar at don in ga abin da ya toshe ta. Daga waje wurin tsaf yake, shi ya sa idona ya yi ta wuce shi. Ina ɗaga bakin wayar sai ga koren fenti a ƙarƙashinta, mai kauri, ya bushe da shatin wayar a jikinsa. Na kuwa san fentin nan.

Wata biyu kafin nan kwamishina ya kawo ziyara kwatar. Kun san halinmu, idan babba zai zo har duwatsun bakin hanya sai an shafa musu fenti. An turo mu daga gareji mu gyara jirgin ya yi kyau. Ni na kwance wayoyin injin don masu fenti su yi aikinsu, ni kuma na mayar da su a gurguje da aka ce ayarin motoci ya kusa. Ban kankare wurin ba, a kan fentin na ɗaure. Zaren notin ne ya yi ta ɗaukar wutar shi kaɗai, har damina ta sa masa tsatsa ya gaza. Na tsaya riƙe da wayar kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɓamɓare fentin na zuba a kwalin ashana, na goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, na shafa giris na ɗaure. Sau goma muka tayar da injin, sau goma ya tashi a murɗa ɗaya.

Ranar Juma'a na kai wa Injiniya rahoto, na ajiye kwalin ashanar a kan rahoton. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in rufe ƙofa.

Ya ce, "Iliya, ai akwai tsatsa a notin, ko ba haka ba? Rubuta tsatsa. Ba ƙarya ka yi ba."

Nan ne wurin da wanda ba ya cikin aikin ba zai gane ba. A ƙa'idarmu, tsabtace kawunan wayoyi aikin direba ne na yau da kullum. Idan na rubuta tsatsa, sakacin Baba ya tabbata ke nan. Idan na rubuta fenti, katin aikin ranar ziyara yana nan da sa hannuna.

Na ce, "Oga, tsatsar ta samu wuri ne saboda fentin."

Ya ce, "Jirgi ya tashi. Ƙila gargaɗi kawai za su yi masa."

Na ce, "Ƙila ne fa, Oga."

Ya ce, "Ka san sunanka yana cikin masu ƙarin girma na bana?"

Na ce na sani. Wallahi na sani, shekara huɗu ina jiran mataki na bakwai. Ya daɗe yana juya kwalin ashanar a kan tebur. Can ya ce, "Kai dai da taurin kai." Ya jawo biro ya ƙara layi ɗaya a ƙasan rahoton, cewa shi ya ba da umarnin a gaggauta aikin ranar, sannan ya sa hannu. Ban taɓa zaton haka daga gare shi ba, kuma daga ranar na ƙara ganin girmansa.

Ranar Litinin kwamiti ya janye tuhumar Baba gaba ɗaya. Ni da Injiniya kowa ya samu takardar gargaɗi, ƙarin girmana ya tsallake zuwa baɗi. Da na fito na tarar da Baba a bakin ƙofar gareji yana jirana.

Ya ce, "An karanta mini takardan ka."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Hannuna ne ya jawo maka duk wannan."

Ya ce, "Ba komai, ɗana. Ranar fenti ai na gan ka. Na ga ka ɗaura waya a kan fenti, zuciya na bai so ba. Ban san shi ne ciwon ba, amma bai so ba. Sai na ce wannan ya zo daga Jalingo, yana da takarda. Ni tuƙi ne kawai nawa."

Wannan maganar ta fi takardar gargaɗin yi mini ciwo. Mutumin da ya yi shekara talatin da injin yana tsaye a kaina, ya ga kuskure da idonsa, ya haɗiye, don mun saba wa irin su Baba da cewa wanda ya zo daga hedikwata ba a yi masa gyara. Saura ƙiris wannan shirun ya cinye masa aikin rayuwarsa duka.

Baba ya yi ritayarsa cikin mutunci, da haƙƙinsa cikakke. Ni kuwa abin da na ɗauka daga kwatar nan shi ne, wayar at ba a duba ta da ido, sai an kwance an ga farin ƙarfe, kuma abin da ka samu a ƙarƙashinta shi za ka rubuta, ko da hannunka ne. Daga wannan shekarar har na ajiye aiki, duk motar da aka kawo mini ba na buɗe akwatin kayan aiki sai na ja benci na zaunar da direbanta. In ya gama bayaninsa sai in ce masa, "To, yanzu gaya mini abin da ka gani ka yi shiru."