Ruwan Randar Yaya Dela

Idan ana zancen tsabta a unguwarmu ta mahauta a nan Garwa, ni Hajjo ban yarda a sa kowa gaban Yaya Dela ba, wanda ya musa kuma ya zo mu yi ta. Facalata ce. Mijinta marigayi Dawuda shi ne wan mijina Adamu, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Daga Banyo aka kawo ta, 'yar wani dillalin shanu, a bayan babbar mota, ta iso da ƙafafu a kumbure saboda lalacewar hanya. Tun daga ranar tsintsiya ba ta bar hannunta ba. Ta yi sana'ar kilishi har bayanta ya ƙi, ta haifi biyar, ɗaya ya tsaya, shi ne Lukmanu. Da mijin ya rasu sai ta bar harkar nama gaba ɗaya, ta koma suyar gyaɗa a ƙofar gida.

Matar da ke share tsakar gida kafin ta karya kumallo, ta sake sharewa bayan la'asar, wai ita ce za a ce gidanta na korar baƙi. Ni har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin ya faru ne a shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, lokacin da sabulu ya zama sai an yanka shi gutsi-gutsi ake saya. Lukmanu bai bi sana'ar ubansa ba, gyaran moto, wato babur, yake yi a bakin kasuwa. Ya ga Aisatu, 'yar Alhaji Shu'aibu mai sayar da atamfa, ita ma ta gan shi, suka daidaita. Alhajin bai ƙi ba, amma ya ce sai ƙanwarsa Hindu ta je ta ga gidan da 'yar za ta zauna, abin da ta ce shi ke nan. Auren yaron nan kaf ɗinsa ya rataya a bakin goggo Hindu.

Ta zo ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin Garwa irin wanda ke sa jaki neman inuwa. Ina nan zaune. Yaya Dela ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, aka gaisa da Hausa, aka ƙara da Fulatanci, jam na, jam ni. Sannan ta tashi ta nufi randa a gindin darbejiya, ta ɗage murfin, ta ɗebo ruwa mai sanyi a moɗa ta durƙusa ta miƙa mata. Hindu ta karɓa, ta kai baki, sai hannunta ya tsaya. Ta sauke moɗar a hankali.

"Af, na manta, ina azumi," in ji ta.

"Yau Talata?" na ce, don ni bakina ba ya jira.

"Ramuwa ce."

Ba ta daɗe ba ta yi sallama. Ni kuma na fita sayen gishiri, me zan gani? Goggo Hindu tsaye a kwanar layi ta kafa kai tana shan folere, zoɓon nan mai ƙanƙara, har tana lumshe ido. Mai azumi ke nan! Na juya na koma gidan Yaya Dela.

Da yamma Lukmanu ya shigo fuska a murtuke. Ya ce Aisatu ta gaya masa goggonta ta ce a dakata tukuna, wai gidan na da ƙarni.

"Ƙarni?" Yaya Dela ta dafe ƙirji. "A ina?"

"Ni ma ban sani ba, Inna. Haka kawai ta ce."

Muka tashi mu uku muna zagaya gidan muna shinshine-shinshine kamar awaki. Muka shiga ɗaki, muka fito, muka leƙa madafi, muka leƙa bayi. Wallahi ba mu ji komai ba.

Ni dai na yanke hukunci nan take. Na ce Yaya, wannan raini ne kawai, 'yan kasuwar nan tun fil azal gani suke mahauci ba mutum ba ne, su ci namanmu su lashe yatsa, sannan su toshe hanci. Na ce a bar ni in je in same ta har gida. Yaya Dela ta riƙe mini zane. Ta ce, "Hajjo, ki zauna. Idan kin je kin yi faɗa, yaron nan ne zai rasa mata, ba ke ba." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Washegari aka shiga aiki. Ƙahonin da ke kan rufin madafi tun zamanin marigayi, muka sauke su. Wata tsohuwar fata da ake shimfiɗa wa yara, muka yar. Muka kwashe kaji muka kai gidana, saboda kashinsu. Akuya ma aka ɗaure ta a can. Kwatar da ke bi ta ƙofar gida, Lukmanu ya yashe ta da hannunsa ya zuba toka. Yanar gizo, tsummokara, tsofaffin gwangwanaye, tukwanen da gindinsu ya yi baƙi, babu abin da ya tsira. Yaya Dela ta sayar da gyaɗarta ta sayi jabel, ruwan bilicin nan, ta wanke bayi har idonta na hawaye. Ta bi lungunan gado da tafasasshen ruwa ko da kuɗin cizo, alhali babu ko ɗaya. Daga ƙarshe muka turara gidan da turaren wuta har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Muna cikin aikin ne ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ce, "Hajjo, kin san wani abu? Malamar makarantar yaron nan da ta taɓa zuwa, ita ma azumi ta ce tana yi. Mai allurar nan ta lopital, asibiti, ita ma haka. Abokan yaron nan kuwa a zaure suke tsayawa. Ni na ɗauka Allah ne ya haɗa ni da masu ibada."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Muka zauna muna lissafin waɗanda ke shan ruwa a gidan, sai muka ga duk matan mahauta ne, 'yan uwanmu. Na ce to ko ruwan ne? Ta ce ruwan famfo ne fa, wanda kowa ke sha. Duk da haka muka sallami mai kawo mata ruwa, bawan Allah bai san laifinsa ba, muka ɗauki wani daga wata unguwa. Ta wanke randar tas da soso da ruwa zalla, don kowa ya san randa ba a sa mata sabulu. Ta zuba sabon ruwa ta mayar da murfi.

Goggo Hindu ta dawo bayan mako biyu. Ta shigo tana kallon tsakar gidan da ko allura ta faɗi sai an gan ta, har ta ce, "Masha Allah." Zuciyata ta yi sanyi. Aka kawo ruwa. Ta kai baki, ta tsaya, ta sauke.

"Yanzu na sha a gida," ta ce.

Kai! Na ji kamar in fizge moɗar in ɗura mata. Yaya Dela ta bi ta da ido har zaure, ta dawo ta ɗauki moɗar ta shanye ruwan, ta juya ta tana dubawa. Ta ce, "To me ke cikinsa? Hajjo, sha ki ji." Na sha. Ruwa ne mai sanyi mai daɗi, irin wanda na saba sha a gidan tun ina amarya.

Daga nan kanmu ya kulle. Na ce ko sammu aka yi wa yaron. Ita ta ce ko jikinta ne ke wari ba ta sani ba, ta shiga yin wanka sau uku a rana, ta daina zama kusa da mutane. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ga shi Lukmanu ya zo da labarin cewa wani Mahmudu, mai fataucin shinkafa daga Yagwa, ya aika gidan Alhaji neman auren Aisatu. Aisatu ta yi kuka ta roƙi goggonta ta sake zuwa sau ɗaya, ta yarda. Bayan wannan babu wani zuwan.

Ana saura kwana kaɗan ta zo sai ga Pauline, maƙwabciyarmu 'yar garin Kayele mai suyar makala, fanken nan na fulawa, ta shigo aron turmi. Shekara da shekaru tana shiga gidan, kullum da gorar ruwanta a hannu. Mu mun ɗauka wani abu ne na addininsu. Ta tarar da Yaya Dela zaune ta yi tagumi, ta tambaya, ni kuma na zazzage mata labarin duka har da zagin da na tanadar wa Hindu.

Pauline ta sosa wuya. Ta kira ta uwar Lukmanu da Fulatanci, ta ce, "Dada Lukmanu, in faɗa ba za ki ji haushi ba?"

"Faɗi, don Allah."

Ta tafi gindin darbejiya ta ɗora hannu a kan murfin randar. "Wannan ne."

Murfin nan katako ne, mai kauri, baƙi wuluk. Katakon da marigayi Dawuda ya yi shekaru yana saran nama a kai ne a kasuwa. Da ya tsufa ya yi rami a tsakiya sai ya kawo shi gida ya rufe randa da shi, don yana da nauyi, akuya ba ta iya ture shi. Haka ake yi a duk gidajenmu. Nawa ma na Adamu ne.

"Kitse ya shige shi har ciki," in ji Pauline. "Idan rana ta yi zafi sai ya yi gumi ya ɗiga. Randar ta sha, moɗar ma ta sha. Mutum na kai ruwan baki sai ya ji kamar ya shiga mayanka. Pardon, Dada. Na daɗe ina son faɗa, kunya ta hana ni."

Na ce ƙarya ne. Na ɗaga katakon na kafa hanci, na juya shi na sake kafawa. Ƙamshin itace kawai na ji, shi ma da ƙyar. Yaya Dela ta karɓa ta shinshina ta daɗe. Ta dubi Pauline, ta dube ni.

"Ina wanke shi fa kullum," ta ce.

"Ba ya fita, Dada. Sai dai a sake duka."

Ni na san abin da ke ranta. Kayan mutumin nan duk an raba, wuƙaƙensa ma Adamu ne ya ɗauka. Katakon nan da moɗar da yake shan ruwa da ita idan ya dawo daga mayanka, su kaɗai suka rage mata. Na ce Yaya, ki bar abinki, wace ce Hindu da za ta sa ki rabu da shi? Ta ce, "Hajjo, je ki kira mini yaron nan."

Lukmanu ya ɗauko sabuwar randa a bayan moto, da faifai, da kofin silba. Tsohuwar kuwa shi da Yaya Dela suka mirgina ta zuwa bayan ɗaki, can kusa da inda ake tara itace, da murfinta da moɗarta. Inda aka cire ta ya bar rami a cikin yashi, Yaya Dela ta tsaya tana kallonsa kafin ta ce a dasa sabuwar.

Ranar da goggo Hindu ta zo zuwan ƙarshe, Yaya Dela ta ɗebo ruwa a sabuwar randar ta miƙa mata a kofin silba. Hindu ta karɓa, ta kai baki, ta ɗan tsaya yadda ta saba. Sai ta kurɓa. Ta sake kurɓa, ta kafa kai ta shanye, ta miƙa kofin.

"Ƙaro mini, Dela. Yau zafin ya yi yawa."

Kafin ta tafi ta ce a turo maza su je wurin yayanta a sa rana. Na raka ta har kwanar mai folere, muna hira kamar ba ni ce na yi niyyar cin mutuncinta ba. Na juyo da guɗata a baki.

Ban tarar da Yaya Dela a tsakar gida ba. Na zagaya bayan ɗaki, sai ga ta durƙushe gaban tsohuwar randar, ta rungume katakon a ƙirji, ta kifa fuska a kansa tana jan numfashi. Ta ɗago, idonta jajir.

"Hajjo, ta amince, ko?"

"An gama, Yaya. Aure ya tabbata."

"Alhamdu lillahi." Ta sake kai hancinta jikin katakon, ta ja, ta ja. "To ni abin da ban gane ba, wai warin hannun marigayi ne a nan. Pauline ta ji. Hindu ta ji. Malamar makaranta da ba ta taɓa ganinsa ba, ita ma ta ji. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ji shi."

Ta miƙo mini katakon kamar ni zan iya yi mata wani abu.

"Ni da na zauna da shi, ni kaɗai ce ba na ji."