Ranar da Ekran Ya Yi wa Abdulwahab Shiru

Duk mai son sayen ekran na hannu, wato allon kwamfuta da aka taɓa amfani da shi, a kasuwar Tasawa sai ya biya ta rumfar Abdulwahab tukuna. Ɗan Hawandawaki ne, ya fara da gyaran rediyo a zauren kawunsa, ya koma talabijin, daga baya ya faɗa harkar ordinata, wato kwamfuta, ya ƙi fitowa. Ba shi da yawan magana, amma in ya ce kaya na da kyau, ɗauka kawai ka tafi.

Abin da ya jawo masa wannan suna wani ɗan ƙaramin shiri ne a tsohuwar ordinatarsa, irin wanda suke kira pilot. Kowane ekran yana ɗauke da bayanin kansa a ciki, har da shekarar da aka ƙera shi. Aikin pilot ɗin ɗaya ne tak: ya bi ta waya ya tambayi ekran, ya zubo amsar a fili. Zaman kansa yake, ba ruwansa da irin kart grafik da ke cikin injin, wato ɓangaren da ke tura hoto. Dillali zai wanke tsohon ekran tas, ya liƙa masa sabuwar takarda, ya yi ta rantse-rantse. Abdulwahab sai ya jona waya ya ce, "Alhaji, bar wahal da kanka, ga shi ya faɗi da bakinshi."

Ana gobe kasuwa ya samu koneksiyon na intanet mai ƙarfi, tsautsayi ya sa ya sabunta tsarin injin. Washegari sai ga Mushe Iliyasu, daraktan wata lakwal, wato makarantar boko, a Gidan Amumune, tare da wani dillali mai suna Danda, sun ciko amalanke da ekran. Iyayen yara ne suka yi karo-karo don a buɗe ajin ordinata, suka ce kada a sayi komai sai Abdulwahab ya duba.

Ya jona waya, shiru. Ya sake waya, shiru. Pilot ɗin ya ɓace!

Ashe masu rubuta tsarin, can wata uwa duniya, sun yanke cewa a daina pilot mai zaman kansa, a cusa aikinsa cikin pilot na kart grafik, don kada su biyun su riƙa karo a waya ɗaya. Hujja ce, ba wanda ya ce ba hujja ba ce. Amma fa sababbin kart kaɗai suka yi wa wannan gata. Irin na Abdulwahab, wai babu mai amfani da shi yanzu. Babu mai amfani da shi! To Tasawa da Mayahi kaf da me suke aiki, da ƙwarya? Mutum bai taɓa ganin rumfarka ba, ya zauna cikin sanyi ya rufe maka ido, ko sannu babu.

"Mushe, yau injina bai gani," in ji Abdulwahab. "A ɗaga mini ƙafa zuwa jibi."

Danda ya yi caraf ya ce akwai masu jiran kayan, shi ba ya kwana da su. Mushe Iliyasu ya dubi rana, ya dubi tasha.

"Haba Malam Abdulwahab, kai da ka tsufa cikin sana'ar ga? Duba da ido dai," in ji Mushe.

Nauyin bawan Allah ya kama Abdulwahab. Ya kunna su, ya shafa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce, "Da alama za su yi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, wallahi.

Darakta ya biya, ya kwashi kaya. Kafin hutun ƙarshen shekara yawancin ekran ɗin sun mutu. A Gidan Amumune ba wanda ya zagi Danda, balle waɗancan masu rubuta tsarin da ba a san sunansu ba. Magana ɗaya ce ke yawo: mai gyaran Tasawa ya haɗa baki da dillali ya cuci yara. Rumfar da ake layi ta koma sai masu cajin waya.

Da ƙyar Abdulwahab ya maido da tsohon tsarin. Ya hau kabu-kabu har lakwal ɗin, ya jona wani mataccen ekran, bayanin ya fito: ya girmi duk ɗaliban ajin. Ya juya wa darakta injin.

Mushe Iliyasu ya karanta, ya dubi teburan da ba kowa a kai.

"Na gani, Malam Abdulwahab," ya ce. "To yanzu mi zan yi da wannan shaidar?"